Yaya ake ajiye IC da sauran kayan fanel na shekaru ba tare da danshi ya ɓata su ba?

Sola_Dakata ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a da malamanmu injiniyoyi. Ina da ƙaramin wurin aiki a Kano inda muke haɗa na'urar daidaita cajin batirin sola, muna kuma gyaran inbata. Tun ƙarancin IC (ƙananan ƙwayoyin silikon masu baƙin jiki da ƙafafu da ke sarrafa na'urorin lantarki) da aka yi a duniya daga 2020 zuwa 2022, sannan farashin dala ya ƙara tashi a 2023, na yanke shawarar daina sayen kaya kaɗan-kaɗan, na yi odar abin da zai ishe mu shekara uku zuwa biyar a lokaci guda, domin kada wata rana a wayi gari IC ɗin da muka gina fanel ɗinmu (allon da ake ɗora ƙananan kayan lantarki a jikinsa) a kansa ya ɓace daga kasuwa ko kuɗinsa ya ninka.

Kayan sun iso, kuma iri-iri ne. Akwai IC mai sarrafa fanel ɗin gaba ɗaya, mai ƙafafu ta gefe huɗu, wanda ya zo a cikin tire baƙi, an rufe shi a jaka mai ƙyalli kamar alminiyam, a jikin jakar an liƙa takarda da aka rubuta MSL 3. Akwai modul na Wi-Fi, akwai ƙananan fitilun LED a naɗe a faifai, akwai kafasita masu ruwa a ciki manya da ƙanana, akwai rizista da ƙananan kafasita na tangaran, sai kuma fanel tsirara waɗanda ba a ɗora musu komai ba, da gwangwanayen man dalma. Wasu daga cikin kayan daga dillali mai izini suka fito, wasu kuma wani ne ya sayo mini a kasuwar Huaqiangbei da ke Shenzhen, suka zo a farar leda mai zif.

Shagon rufin kwano ne, a watan Afrilu zafin cikinsa ba a magana, a watan Agusta kuma har takardun da ke cikin durowa kan yi laushi saboda laima. Wutar lantarki ba ta samuwa kullum, sai dai muna da sola da ke riƙe ƙananan kaya dare da rana. Tambayata ita ce, ta wace hanya zan ajiye waɗannan kaya har tsawon wannan lokaci su kasance lafiya idan aka zo ɗora su a fanel? Shin jakar da suka zo a ciki ta isa, ko sai na sayi akwatin busarwa? Kuma idan na buɗe jaka na ɗebi hamsin daga cikin ɗari biyar, yaya zan yi da sauran? Muna ɗora kayan ne da man dalma, mu saka fanel a ƙaramin tanderun narkarwa, gyara kuma da bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

MaiBulowa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni mai gyaran waya ne, kuma a ganina abin bai kai yadda kake tsoro ba. IC da yawa suna kwance a durowata cikin ledar zif tun bara da bara waccan, ina ɗauka ina ɗorawa, mafi yawansu kuma suna tashi. Danshin Kano ba irin na Legas ko Fatakwal ba ne, wata uku ne zuwa huɗu kawai, sauran shekara iska a bushe take. Shawarata ita ce ka samu roba mai murfi mai kamawa sosai, ka zuba kayan a ciki tare da 'yan ƙunshin silika jel ɗin da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, idan babu ka zuba busasshiyar shinkafa a ƙasa, ka ajiye a wuri mai sanyi. Tunda kana da sola, ƙaramin firiji zai magance maka matsalar zafin Afrilu gaba ɗaya. Amma bari mu ji abin da masu ilimin abin za su ce, domin ni aikin hannu na sani.

Injiniya_Kakuri ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Sola_Dakata, tambayar ta yi kyau, kuma ka yi ta a lokacin da ya dace, wato kafin ka yage jakunkunan. Zan fara da bayanin abin da danshin yake yi, domin wanda ya fahimci wannan zai iya yanke wa kansa hukunci a kan kowane kaya.

Baƙin jikin IC roba ce mai tauri, kuma duk da taurinta tana shan tururin ruwan da ke cikin iska a hankali, har ya kai ga iyakar da ke tsakanin robar da ƙwayar silikon da ƙarfen da ta zauna a kai. Muddin IC ɗin yana kwance a ajiye, wannan ruwa ba ya nuna kansa. Matsalar tana zuwa ne a ranar da aka saka shi a tanderu. Dalma mara gubar da ake amfani da ita yanzu tana narkewa a wajen digiri 217, tanderun kuma yakan kai 245 zuwa 260, kuma cikin 'yan mintuna yake kaiwa can. Ruwan da ke ciki sai ya zama tururi nan take, ya rasa hanyar fita, ya tura robar ta rabu da abin da take manne da shi, wani lokaci ta tsage, kamar yadda ƙwayar masara ke fashewa ta zama gugguru. Idan tsagewar ta fito fili, an yi sa'a, domin za a gani a cire. Wanda ya fi muni shi ne wanda ya ɗage daga ciki kawai, ko ya ja siririyar wayar da ta haɗa silikon da ƙafa har ta kusa tsinkewa, fanel ya ci gwaji a shago, a kai shi ƙauye a ɗora, bayan wata shida ya fara ɗaukewa da rana tsaka ya dawo da daddare. Mai gyaran waya da ya ɗora IC guda ya ga bai tashi ba zai ce an sayar masa da jabu, ya ɗauko wani, shi ya sa ɗan'uwa MaiBulowa bai ga abin da yawa ba. Mai haɗa fanel ɗari biyar da sunansa a jiki ba shi da wannan sauƙin.

Lambar MSL da ka gani, wato matakin yadda danshi ke iya cutar da kaya, ta fito ne daga ƙa'idar haɗin gwiwar IPC da JEDEC, ƙungiyoyi biyu masu tsara ƙa'idojin kayan lantarki, mai suna J-STD-020, ƙa'idar ajiya da ɗaurewa da gasawa kuma ita ce J-STD-033. Lambar tana gaya maka tsawon lokacin da kayan za su iya zama a waje bayan buɗe jaka kafin a narkar da su, idan zafin ɗaki bai wuce digiri 30 ba, laima kuma ba ta wuce kashi 60 cikin ɗari ba. Mataki na 1 ba shi da iyaka, kuma a nan mafi yawan rizista da kafasitan tangaran suke. Mataki na 2 shekara guda ne, 2a mako huɗu, mataki na 3 awa 168, wato mako guda, na 4 awa 72, na 5 awa 48, 5a awa 24, na 6 kuma dole a gasa shi kafin a yi amfani da shi. Ka duba takardar LED ɗinka da kyau, domin fitilun da yawa sun fi IC saurin shan danshi, wasu masu canza launi suna mataki na 5a. Ka kuma lura cewa shagon rufin kwano a Agusta ya wuce waɗannan sharuɗɗa biyu a lokaci guda, saboda haka makon nan guda ba zai cika mako ba a wurinka. Agogon kuma ba ya komawa farko don ka mayar da kaya cikin jaka, tsayawa kawai yake yi, idan ka sake buɗewa ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai dai idan an busar da kayan bisa ƙa'ida.

Game da jakar da ba a buɗe ba, ƙa'idar ta ce za ta riƙe kaya aƙalla wata 12 daga ranar da aka liƙe ta, muddin zafi bai kai digiri 40 ba, laima kuma ba ta kai kashi 90 ba. Wata 12 ɗin mafi ƙaranci ne, jaka mai kyau takan wuce haka nesa, kuma abin da zai tabbatar maka shi ne ɗan katin da ke ciki. Katin yana da da'ira uku, an rubuta 5 da 10 da 60, wato kashin laimar da kowace ke nunawa. A tsohon samfuri shuɗi yana nufin bushewa, ruwan hoda yana nufin danshi, a sabon samfurin da babu sinadarin kobalt kuma launin ƙasa-ƙasa ne ke komawa shuɗi-shuɗi, don haka ka karanta bayanin da ke jikin katin kafin ka yanke hukunci. Ana duba shi ne da zarar an yanka jakar, kafin iskar ɗaki ta canza shi. Ga kayan mataki na 2a zuwa 5a, idan da'irar 10 ta canza launi, sai an gasa su.

To ga abin da zan yi da a ce kayan nawa ne. Jakunkunan dillali mai izini ba zan taɓa su ba sai ranar buƙata, zan dai fitar da su daga ƙarƙashin kwanon nan in kai su ɗaki mai silin ko na ƙasa mai kaurin bango, inda zafi ba ya kai 40, in sa su a akwati mai murfi don kada wani abu mai tsini ko ɓera ya huda su. Ranar da zan buɗe jaka, zan riga na shirya ƙananan jakunkuna irin nata, masu alminiyam a tsakiyar ledar waɗanda ba a ganin abin da ke ciki, da sabon abin tsotse danshi da sabon kati ga kowace, in raba kayan daidai da abin da nake ci a aiki guda, in liƙe kowace da injin liƙe leda cikin ɗan lokaci, in rubuta a jiki ranar da aka buɗe, da awa nawa suka yi a waje, da lambar MSL. Ta haka hamsin ɗin da za ka ɗiba ba za su ci lokacin sauran ɗari huɗu da hamsin ba. A matse iskar jakar kaɗan kawai, kada a zuƙe ta har ledar ta manne da kayan, domin hakan yana hana abin tsotse danshin da katin yin aikinsu, yana kuma sa gefen tire ya huda jakar.

Ledar zif, fara ce ko ruwan hoda, da jakar nan mai launin toka da ake hango kaya ta cikinta, duka ba sa tare tururi na tsawon lokaci, aikin mai launin tokar tare tartsatsin lantarki ne. Saboda haka kayan da suka zo daga kasuwa a ledar zif, ka ɗauke su a matsayin waɗanda lokacinsu ya ƙare tuntuni, ko da an saka musu silika jel, domin ba ka san shekara nawa suka yi a kan kanta ba. Lamba huɗu da ke jikin IC da yawa za ta ba ka haske, misali 2314 na nufin mako na 14 na shekarar 2023.

Firiji kuwa ban goyi baya ba, da dukkan girmamawa. Iskar cikinsa tana da laima, kuma duk sanda wuta ta ɗauke ko aka fito da kaya masu sanyi cikin iskar ɗaki, raɓa za ta kwanta a kansu. Shinkafa ba ta iya saukar da laima zuwa inda ake buƙata, ƙura kawai za ta ƙara. Silika jel ɗin kwalin takalmi kuma ya riga ya ƙoshi kafin ya iso hannunka.

Malama_Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum. Injiniya ya gama da IC da LED, ni kuma zan yi magana a kan sauran kayan da Malam ya lissafa, domin a ajiyar shekara biyar ba danshi kaɗai ne ke ɓarna ba, kuma maganin da ya dace da IC yana iya kashe wani kayan.

Kafasita masu ruwa su ne suka fi ba ni damuwa a jerin nan. Abin da ke hana wuta tsallakewa a cikinsu wani siririn rufi ne a jikin takardar alminiyam, kuma idan sun daɗe ba a ba su wuta ba rufin yana raunana, sai su riƙa zubar da wuta fiye da ƙima a ranar farko, babba daga cikinsu yana iya yin zafi ko ya kumbura idan aka haɗa shi da cikakken ƙarfin inbata kai tsaye. Masu ƙera su sukan ce a ajiye su tsakanin digiri 5 da 35, laima ƙasa da kashi 75, kuma idan sun wuce shekara biyu zuwa uku a kwance a farfaɗo da su kafin aiki, wato a ba su wuta ta hanyar rizista mai taƙaita ta, a riƙa ɗagawa a hankali har ta kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsu, a bar su a haka na wani lokaci. Zafi kuma yana sa ruwan cikinsu ya riƙa ficewa ta robar da ta toshe gindinsu, wannan kuwa ba ya dawowa. Don haka ba a gasa su, kuma in da ni ce ba zan tara na shekara biyar ba tun farko, tunda ba su cikin kayan da ke ɓacewa daga kasuwa, kamfanoni da yawa suna yin girma ɗaya da ƙarfi ɗaya. Tunda an riga an saya, sai a fara cinye su, a kuma ajiye su a wuri mafi sanyi a gidan.

Abu na biyu shi ne ƙafafun kaya da fuskar fanel. Kuzar da aka shafa wa ƙafar IC tana yin dattin tsatsa idan ta daɗe a iska mai laima, tana kuma haɗewa a hankali da jan ƙarfen da ke ƙarƙashinta, zafi na ƙara saurin wannan haɗewar, har a kai lokacin da dalma za ta ƙi kama ƙafar, ta dunƙule a gefe. Jaka mai alminiyam tana rage na farkon, sanyin ɗaki yana rage na biyun. Duk abin da aka shafa wa azurfa, kamar gindin LED da wasu fanel, yana yin baƙi idan ya haɗu da farar wuta, kuma kwali na kasuwa da robar ɗaure kuɗi da hayaƙin janareto duka suna fitar da ita. Kada a ɗaure tire da robar kuɗi a cikin jaka, kada kuma ma'ajin ya kasance kusa da inda janareto yake ko inda ake cajin batira.

Fanel tsirara su ma suna shan danshi, suna kuma kumbura su yi boro a tanderu. Daɗewarsu ta danganta da abin da aka rufe jan ƙarfen da shi. Mai rufin zinari da mai rufin dalma sukan kai shekara guda cikin sauƙi idan suna a liƙe, amma mai siririn rufin da ake kira OSP, wanda za ka ga launin jan ƙarfen a fili, wajen wata shida ake ba shi, gasawa kuma tana lalata rufin nasa. Tunda zanen fanel ɗin naka ne, kuma buga shi ba ya ɗaukar lokaci, hikima ita ce ka riƙa buga na wata shida-shida nan gaba.

Man dalma shi ne kaɗai abin da zai amfana da firijin da Malam MaiBulowa ya ambata. Ana ajiye shi ƙasa da digiri 10 ba tare da ya daskare ba, yawanci wata shida ake ba shi, kuma idan aka fito da shi sai a bar gwangwanin a rufe na wasu awanni har ya ɗauki zafin ɗaki kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta shiga, ya riƙa tartsatsi yana barin ƙananan ƙwallaye a fanel. Wannan ba kayan ajiyar shekaru ba ne ko kaɗan.

Sai kuma lokacin raba kayan. A nan yanayinmu yana taimakawa, domin daga Disamba zuwa Fabrairu laima a Kano da Zariya takan sauka ƙasa da kashi 20, saboda haka idan za a buɗe babbar jaka a raba, hunturu ne lokacinsa, ba damina ba. Sai dai busasshiyar iskar ita ce kuma ke sa wuta ta taru a jikin mutum, irin wadda ake ji ta ɗan tsikari yatsa idan an taɓa ƙofar mota, kuma abin da bai kai a ji shi ba ma ya isa ya raunana IC. Dole mai rabawar ya ɗaura abin hannu mai waya zuwa ƙasa, ya yi aiki a kan shimfiɗar da aka yi domin haka, a rufe taga saboda ƙura.

Sola_Dakata ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama, da kai ma ɗan'uwa MaiBulowa. Na duba takardun, IC da modul duka mataki na 3 ne, LED ɗin kuma 5a. Saura tambaya biyu. Ta farko, waɗanda suka zo a ledar zif, yanzu zan gasa su in liƙe, ko in bari sai ranar aiki, kuma a wane irin tanderu, tunda na gida na gas ne? Ta biyu, akwatin busarwa yana da tsada, kuma ina tsoron abin da zai faru idan batirin sola ya yi ƙasa a damina. Shin roba mai murfi da sabon silika jel mai yawa za ta iya tsaya masa?

Injiniya_Kakuri ya rubuta:

Madalla da ka duba. Tanderun gas ba zai yi ba, domin ƙonewar gas kanta tururin ruwa take fitarwa, zafinsa kuma hawa da sauka yake yi da yawa. Ana buƙatar na lantarki mai riƙe zafi a wuri guda, ka saka wayar auna zafi a kusa da kayan ka tabbatar da abin da take nunawa, kada ka dogara da lambar da ke jikin maɓallin, kuma kada a sake dafa abinci a cikinsa.

Tsawon gasawa ya danganta da kaurin jikin kayan da matakinsu. IC na mataki na 3 wanda kaurinsa bai wuce milimita 1.4 ba, wajen awa 9 yake buƙata a digiri 125. Masu kauri sosai sukan kai awa 48. Amma wannan zafin sai a cikin tiren da aka rubuta wa cewa yana ɗaukarsa, za ka ga an buga lambar a gefensa, ko kuma a tiren ƙarfe. Faifan da aka naɗe LED a kai da tef ɗinsa da bututun roba ba sa jure fiye da digiri 40, za su lanƙwashe su manne da kayan. Gasawa a digiri 40 kuma tana buƙatar iskar da laimarta ba ta wuce kashi 5 ba, tana ɗaukar wajen kwana 13 ga siririn IC, har kwana 79 ga masu kauri, saboda haka ajiye faifai a cikin shago mai zafi ba gasawa ba ce. LED da modul kuwa ka bi abin da mai ƙera su ya rubuta a takardar bayaninsu, domin robar fuskar LED ba ta jure abin da baƙar robar IC take jurewa.

Game da yanzu ko daga baya, ni na fi son a gasa sau ɗaya kawai. Kowace gasawa tana ƙara tsufar da ƙafafun kamar yadda Malama ta bayyana, shi ya sa ƙa'idar ta ce jimillar lokacin da kaya za su yi a zafin da ya wuce 90 zuwa 125 kada ta haura awa 96. Idan ka tabbata da jakarka da liƙinka, ka gasa yanzu, ka bar su su huce a wuri busasshe, ka liƙe nan take da kati. Idan ba ka tabbata ba, ka liƙe su yanzu da abin tsotse danshi don kare ƙafafun, ka rubuta a jiki cewa ba a gasa ba, ranar aiki ka gasa abin da za ka ɗora. Kafin duk wannan, ka ɗauki biyar ko goma daga cikin na kasuwar ka gasa ka ɗora ka gwada, domin babu amfanin adana kaya shekara biyar sannan a gano cewa cirarru ne daga tsohon fanel aka sake wa rubutu.

Akwatin busarwa na gaske shi ne mai riƙe laima a kashi 5 ko ƙasa, kuma kayan da ke cikinsa ana ɗaukarsu kamar suna cikin jaka a liƙe. Wanda ake sayarwa don kyamara yana tsayawa ne a wajen kashi 30 zuwa 50, ba zai yi wannan aikin ba. Na gasken ba ya cin wuta da yawa, kuma idan ta ɗauke na wasu awanni yana riƙe bushewarsa muddin ba a buɗe ƙofa ba. Amma amfaninsa ga kayan da ake buɗewa kullum ne. Ga wanda ya raba kayansa a ƙananan jakunkuna, yana kuma ɗora abin da ya buɗe cikin kwana biyu ko uku, kuɗin akwatin ya fi dacewa da sayen jaka mai kyau da kati da injin liƙewa mai faɗin baki.

Roba mai murfi da silika jel tana da wurinta, ta zama kariya ta biyu ga jakunkunan da wurin kwana ga ragowar aikin yini, amma da wuya ta sauka ƙasa da kashi 10 ta zauna a can. Sinadarin da ake kira zeyolait ya fi silika jel ƙarfi idan ana son bushewa sosai. Irin abin tsotse danshin da aka yi da yumɓu kuma yana fara sakin ruwan da ya sha idan zafi ya kai wajen digiri 50, wannan ma dalili ne na raba kayan da rufin kwano. Silika jel mai launi ya fi, shuɗi ya koma ruwan hoda ko ruwan lemo ya koma kore idan ya ƙoshi, sai a farfaɗo da shi a tanderu a wajen digiri 120 na wasu awanni. Ƙaramin ma'aunin laima na kasuwa ba ya karanta ƙasa da kashi 10 zuwa 20 daidai, don haka a cikin robar ma kati za ka saka. Idan kana son sanin gaskiyar ma'aunin da ka rataye a ɗakin ajiya, ka jiƙa gishiri a murfin kwalba har ya zama kamar danyen yashi, ka rufe su tare a roba ta kwana, ya kamata ya nuna kusan kashi 75.

Akwai sauƙi guda da ƙa'idar ta bayar wanda zai yi maka amfani. Kayan mataki na 2 zuwa 3 da ba su wuce awa 12 a waje ba, idan aka mayar da su cikin jaka mai sabon abin tsotse danshi na tsawon ninki biyar na lokacin da suka yi a waje, agogonsu ya koma farko. LED ɗinka na 5a kuwa iyakarsu awa 8 a waje, ninki goma a bushewar kashi 5.

MaiBulowa ya rubuta:

To Injiniya, ni da nake cire IC daga fanel ɗin waya da bulowa in mayar, shin wannan magana ta shafe ni, ko ta masu tanderu ce kawai?

Injiniya_Kakuri ya rubuta:

Ta shafe ka, Malam. Idan ƙarfen dalma ne kake taɓa ƙafa ɗaya-ɗaya da shi, jikin IC ɗin ba ya ɗaukar zafi gaba ɗaya, don haka babu damuwa. Bulowa kuwa tana dumama jikin duka da maƙwabtansa, kuma ƙa'idar ta ce idan jikin kaya zai wuce digiri 200 a wajen gyara, a busar da fanel ɗin tukuna. Fanel ɗin wayar da ta shekara biyu a aljihu ya sha danshinsa, ballantana wadda ta faɗa ruwa. Ka cire batiri da sikirin da kyamara da duk wata roba mai narkewa, ka ɗora fanel ɗin a kan farantin dumamawa ko a tanderun lantarki a zafin da bai wuce 125 ba na wasu awanni, musamman idan IC ɗin da za ka ɗaga mai ƙwallayen dalma ne a ƙarƙashi kuma shi ɗin za ka mayar, kamar na ma'ajiyar bayanai, wanda idan ya ɗage daga ciki hotuna da lambobin mai wayar sun tafi ke nan.